Wanda Ke Danne Sabar

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayananmu, ta yi nauyi. Minti shida tana jan ƙafa, direbobinmu na tsaye a bakin sito an kasa fitar musu da takardar kaya, sai kuma ta ware kamar ba ita ba. Oga ya leƙo: "Malam, ni ne mai rumbun nan ko kai?" Aikin nan ya fita daga raina.

Talata, 4 ga Maris
Yau sau uku ta yi nauyi. Faifan ajiyarta bai cika ba, zafi babu. Tir.

Laraba, 5 ga Maris
Na faɗa a taro cewa sabon shirin kwamfuta da abokiyar aikinmu Mai Iyafis ta ɗora ne ke jawo matsalar. Kullum kunne a toshe da abin jin sauti, ko gaisuwa babu. Wai, "Yaya, ka duba lokutan tukuna." Ni za ta koya wa aiki! Shekara tara ina kiwon rumbun nan. Oga ya ce in ta tabbata nata ne, Juma'a za a cire ta daga aikin. Ko a jikina.

Alhamis, 6 ga Maris
An sauke shirinta da safe. Sha ɗaya saura, sabar ta sake kwantawa.

Mai Iyafis ta ajiye min takarda a tebur. Lokutan matsalar ne na sati biyu. Tara da rabi, sha ɗaya saura, biyu da kwata. Asabar da Lahadi babu. Ranar da na kai Mama asibiti, babu.

Na san lokutan nan. Sa'ad da nake dawowa kujera ne da kofin shayi, in danna ɗan shirin nan nawa mai ƙirga duk layukan bayanan kaya, wai in ga ko lafiya. Na rubuta shi muna da layi dubu hamsin, yanzu miliyan arba'in ne. Da aka fara ƙorafi ma ninka dubawar na yi. Na hau ruwan cikin mara lafiya ina tambayarsa ina ke ciwo.

Ƙyamar kaina nake ji. Kuma in na goge na yi shiru, Oga zai ɗauka sauke nata ne ya yi magani.

Juma'a, 7 ga Maris
Na goge shi. Na shiga wurin Oga na faɗa masa gaskiya, ba sai na rubuta abin da ya ce min ba. An mayar da shirinta.

Na tsaya a teburinta, ta zare iyafis ɗaya. "Tun Talata na gane, Yaya. Ban so in faɗa a gaban mutane ba."

Har yanzu dai ba ta gaisuwa. Ni na gaishe ta.