Sifirin Ɗin Ƙofar da Surukina Ya Ƙera

Malam Hashimu, assalamu alaikum. Don Allah ka agaza mini da shawara, kuma ka sakaya sunana. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙauran Namoda, matsalata kuwa ƙofar gareji ce. Na san za ka yi dariya, mutane na kawo maka rikicin aure da na gado, ni na kawo maka ƙarfe. Ka dai daure ka karanta har ƙarshe.

Ƙofar irin ta naɗi ce, wadda ake turawa sama ta nannaɗe kamar tabarma. Surukina, mahaifin maiɗakina, shi ya ƙera ta da hannunsa. Maƙeri ne a Shinkafi, gadon gidansu ne, daga baya ya haɗa da walda. Shekarar da muka tare a gidan nan ya ɗoro ta a mota ya kawo, ya kafa ta da kansa, ya ce gudummawarsa ke nan ga ɗiyarsa. Tun daga nan ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba. Tsohuwata, Allah Ya ƙara mata lafiya, da hannu guda take ɗaga ta in za ta ɗebo dusar awakinta, carbi na ɗaya hannun. Ni kuwa ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda aka yi tsohuwa ke ɗaga ƙarfe mai wannan faɗi ba. Na ɗauka haka ƙofa take.

Kwanakin baya ina tsakar gida ina alwalar la'asar sai muka ji wata irin ƙara, tau! Ka san halin da muke ciki a yankin nan, babu wanda ya tsaya tambaya. Mata suka kwashe yara suka shige ɗaka, mai shayin bakin layi ya bar butarsa kan wuta, ni da nake maigida sai tsintar kaina na yi a bayan randa. Da muka ji shiru muka fito, unguwa lafiya lau. Sai da na zo fitar da mota na kama ƙofa na ja, ta ce ba ta san zance ba. Na kirawo masu dako daga kasuwa, ƙattin da ke saɓa buhun dawa suna hira. Da ƙyar da nishi suka kai ta gwiwa, muka tura turmi ƙarƙashinta.

Na sa tsani na leƙa inda take nannaɗewa. Subhanallahi! Ashe ƙarafa biyu ne, waɗanda ake kira sifirin, a murɗe a jikin sandar da ƙofar ke naɗewa a kai, ɗaya dama ɗaya hagu, kaurinsu bai fi yatsana ba. Na dama ya tsinke. Bakinsa da ya fyaɗo ya yaga kwanon da ya rufe shi, ya kwashe simintin bango kamar an sara da gatari. Malam, na daɗe a kan tsanin nan tsigar jikina na tashi. Wanga ɗan siririn abu shi ke ɗauke da nauyin da ya gagari ƙatti, shekara da shekaru, a saman kawunanmu, ko ƙara ba ya yi. Yarana sun yi wasa a ƙarƙashinsa, tsohuwata ta wuce ta dawo ba adadi. Na dubi na hagun yana nan a murɗe, shiru, na san duk ƙarfin da na gani a bango yana cikinsa shi ma. Na sauko ina ta tasbihi, ga Wanda Ya sanya wannan ƙarfi a cikin ƙarfe, Ya kuma sanar da ɗan Adam yadda zai ɗaure shi ya yi masa bauta.

To ga inda ta cuɗe. Kafin na gama tunani maiɗakina ta buga wa mahaifinta waya. Baba ya ce kada kowa ya taɓa masa ƙofa. Da zarar ya gama yankan gero zai taho da injin waldarsa, ya haɗe sifirin ɗin, ya hau ya murɗa shi da kansa kamar yadda ya yi tun farko. Gero kuwa ya nuna.

Baban da ya kafa wagga ƙofa ba shi ne na yanzu ba. Wutar walda ta ci masa ido guda. Ranar sunan autarmu na hango shi riƙe da kofin kunu, hannun na kaɗawa har yana zuba a riga, na kau da kai. Ga shi maƙwabcina Kamilu, mutumin Zurmi, ya ba ni labarin ƙanensa da ƙarfen murɗi ya kuɓuce masa wajen irin wannan aiki a shago, ya karya masa muƙamuƙi. Kuma shi saurayi ne mai jini a jika.

Ni fa tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in ya shigo zaure takalmana a hannu nake gaishe shi. Da wane baki zan ce masa ya tsufa? In kuma na kira wani daga Gusau ya gyara a ɓoye, ranar da ya zo ya ga hannun baƙo a kan aikinsa na san ba zai ce uffan ba, zai yi sallama ya tafi, kuma ba zai ƙara taka gidan nan da sakin fuska ba. Maiɗakina cewa take ƙarfe bai taɓa gagarar mahaifinta ba, amma ta faɗa ne tana kallon ƙasa, don ita ta wanke rigar kunun nan. Wallahi tsoro nake ji, Malam. Ina tsoron in ga dattijon nan a ƙasa cikin jini a ƙofar gidana saboda na ji kunyar buɗa baki. Yaya zan yi?

Mai Hatsi, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam, Mai Hatsi. Ban yi dariya ba, in ka cire wajen randar nan. Allah Ya tsare ku, Ya ƙara tsarewa.

Mu fara da ƙarfen. Tsoronka daidai ne. Sifirin da ya tsinke ba a waldarsa, domin wuta na kashe masa tauri, ya sake tsinkewa kusa da ɗaurin, sau da yawa ma a hannun mai murɗawa. Sabo ake sawa, kuma duka biyun, tunda tare suka tsufa, na hagun ma ya kusa. A sami masu kauri da tsawo daidai da na da, gwargwadon nauyin ƙofar. Kafin nan, tun yau ka tara ƙattin nan su cire turmin su sauke ta ƙasa a hankali, ka sa kwaɗo. Kada kowa ya ratsa ƙarƙashinta, dusar Hajiya a bi da ita ta ƙofar cikin gida, motar kuma ta huta, ka hau Keke Napep. Kai ma kada ka kuskura ka sa sufana a kan ko ƙusa guda. Murɗin aikin mutum biyu ne masu ƙarfi da ido, da ƙarafan murɗi na ainihi, da tsani mai zama daram. In an gama, a riƙa ɗiga masa baƙin mai, musamman da damina, don tsatsa ke cin sa.

Yanzu ga dattijo. Kunyarka tarbiyya ce, ban raina ta ba, kuma ka yi gaskiya, gyaran ɓoye cin fuska ne. Amma kunyar da za ta bar tsoho mai ido guda ya hau tsani ya kama wannan abu, ta tashi daga ladabi. Kada kuma ka ɗora wa maiɗakinka, ta riga ta gaya maka iyakar abin da ɗiya za ta iya faɗa.

Ka lura da abu guda. Mutumin da ya tsufa a bakin maƙera ya fi ni da kai sanin abin da wuta ke yi wa sifirin. A ganina ba walda ce a ransa ba. Abin da yake gudu shi ne ranar da aikinsa zai lalace a gidan ɗiyarsa a kira wani, shi ba a kira shi ba.

To ka riga shi. Kada ka jira ya gama yankan gero. Ka sayi goro ka tafi Shinkafi da ƙafarka, ka nemi amininsa, sa'arsa wanda suke tsokanar juna, ku shiga tare. Maganar tsufa bakin sa'a ke faɗinta ta zama raha, kai ba ruwanka da ita. Naka shi ne roƙo: ka ce kana son a sa sababbi duka biyu saboda jikokinsa da ke wasa a wurin, kuma babu wanda ka yarda ya zaɓo su sai shi. Sannan ka roƙe shi ya zo da biyu daga cikin waɗanda ya yaye a sana'a, magidantan da suka saba kafa irin wannan ƙofa a yau. Su ba baƙi ba ne, hannunsa ne. Su hau tsani, shi a sa masa kujera a inuwa, can gefe inda ƙarfe ba zai kai ba, ya riƙa ba da umarni.

In ya kafe sai ya hau, to ka sunkuyar da kai ka faɗa masa sau ɗaya, a fili, cewa ka gwammace ƙofar ta zauna a rufe har abada da ka ga jininsa a kanta. Zai iya yin fushi. Mai fushi ana zuwa ba shi haƙuri, kuma da hannunsa biyu zai karɓi goronka.

Ranar da aka gama, kada kowa ya taɓa ta. Ku ja da baya, ku bar Baba ya taso ya ɗaga ƙofarsa da hannu guda a gaban ɗiyarsa. Allah Ya kai ku ranar lafiya, Ya ja da ran dattijo.

Malam Hashimu