Inuwar da Na Zaɓa wa Auta

Litinin, 3 ga Maris

A sani, a kuma adana domin masu zuwa: a yau, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, an umarce ni, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, in tuɓe takalmina a bakin wata ƙofa. Mai gadin cibiyar horon ƙwallon kwando ya ce daɓen na katako ne, ba ya shiri da ƙasa. Na tuɓe cikin mutunci. Safata ta hagu tana da huji, babban yatsana ya leƙo ya ga duniya.

Dalilin zuwan dai Auta ce, ƙaramar ɗiyata. Cibiyar ta ɗauke ta horon mako uku, a ƙarshensa za a zaɓi 'yan mata goma sha biyu cikin talatin su shiga ƙungiyar matasa. Tun tana da shekara bakwai ni ne kocinta, a tsakar gida, da zoben da na kafa da hannuna. Na zo ne in ga abin da za su iya ƙara mata. A hasashena, kaɗan ne.

Sai dai ɗakin nan... Rufinsa can sama, haske na gangarowa daga tagogi a hankali kamar ba ya son ya iso. Zobba takwas. Ƙwallaye suna tashi suna sauka, raga tana cewa shuu. Na zauna a benci, na manta da yatsan.

Laraba, 5 ga Maris

Akwai wata na'ura da ke tsaye a ƙarƙashin zobe, ta tare ƙwallo, ta tofo wa yarinya ita daidai ƙirji. A sa'a guda Auta ta yi jifa ɗari huɗu. Shekara tara aikina ke nan, ina bin ƙwallo har ƙarƙashin tankin ruwa. Na dubi na'urar, ita ba ta dube ni ba. Na lura ba ta iya cewa madalla. Wannan babban naƙasu ne, kuma na rubuta shi.

Alhamis, 6 ga Maris

An tsoma ɗiyata a bahon ƙanƙara, ta fito tana dariya.

Asabar, 8 ga Maris

Koci, wata mata mai gajeriyar magana da dogon kallo, ta kira ni ɗakin kwamfuta. Kyamarori suna bin kowace ƙwallo daga hannu zuwa raga, su zana hanyarta a allo. Ta nuna mini na sauran yaran: kowanne bakan gizo. Sannan ta nuna na Auta. Igiyar shanya.

Ta ce ƙafar yarinyar ta fi ta kowa, idonta ma haka. Amma ƙwallon da ta zo a miƙe, zobe ƙanƙancewa yake yi mata, kuma duk wata doguwa za ta doke ta tun a hanya. In jifan bai tashi ba kafin ranar ashirin da biyu, ba za ta iya sa sunanta ba.

Sannan Koci ta tambaye ni, “Baba, inda take atisaye a gida, akwai wani abu a sama?”

Na ce akwai: sararin samaniya, wanda na shekara talatin da ɗaya ina bayaninsa. Ta ce to. Wannan “to” ɗin ya raka ni har gida.

Lahadi, 9 ga Maris

Na dawo da atisayen safe, jifa hamsin kafin karin kumallo, domin gyara ɓarnar kwamfuta. A gida kusan duk suna shiga. Arba'in da uku cikin hamsin! Na sanar da uwar yara. Ta ce, “Malam, zobenka ai ya san ta. Na can bai taɓa cin abincinmu ba.” Ba kowace magana ce mai ilimi yake amsawa ba.

Talata, 11 ga Maris

Na yi gyangyaɗi a bencin cibiya. Na ga ƙwallaye sun ƙi sauka, sun taru a ƙarƙashin rufi suna juyawa kamar duniyoyin da nake zanawa a allo, Auta tana tafiya a tsakaninsu ba takalmi, tana taɓa kowace da yatsa ɗaya. Na kira ta, muryata ta fito ƙarama. Mai shara ce ta tashe ni, wai in ɗaga ƙafa.

Da muka iso daf da ƙofar gida, Auta ta ce, “Da yamma a ce in ɗaga, da safe ka ce in miƙe. Baba, hannun nan guda ne.” Sannan ta shige.

Na dai gaya wa ƙofar cewa a zamaninmu... Ban ƙarasa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun sa mata wata dabara. An ɗaura igiya a sama tsakaninta da zobe, dole ƙwallo ta haye kafin ta sauka. Kwamfuta tana faɗin lamba bayan kowane jifa, in ya yi daidai fitila ta yi kore. Cikin ɗari, kore goma sha tara. Ta ciji leɓe irin yadda take yi tun tana ƙarama in allura za a yi mata. Koci ta ce jiki yana koyo da yamma, wani abu yana goge masa da safe. Ba ta kalle ni ba. Gara da ta kalla.

Asabar, 15 ga Maris

Yau da hantsi na tsaya inda Auta take tsayawa. Shekara tara ban taɓa ba, kullum ina ƙarƙashin zobe ina jiran ƙwallo. Na ɗaga kai.

Reshen mangwaro. Ya miƙo kai tsaye tsakanin wurin jifa da zobe, ƙasa-ƙasa, cikinsa ya goge ya yi sumul saboda dukan ƙwallo. Ni na zaɓi wurin. Na tuna ranar sarai: tana da shekara bakwai, rana ta yi zafi, na ce ba za a gasa mini ɗiya ba, a kafa zobe a inuwa. Duk ƙwallon da ta ɗaga, reshe ya mayar mata. Yarinya mai hankali, sai ta daina ɗagawa. Ni kuma ina tafi.

Ba zan ce komai a kan wannan ba. Ganyen yana ta motsi, hasken yana yawo a ƙasa, na daɗe a wurin.

Lahadi, 16 ga Maris

An soke atisayen safe, bisa dalilin ciwon gwiwa. Gwiwar tawa ce, ni na san lokacin da take ciwo.

Litinin, 17 ga Maris

Na aro zarto a wurin maƙwabcinmu kafinta. Na bayyana masa cewa reshen yana tara tururuwa. Ya ce, “Malam, shekara nawa tururuwar nan tana nan, yau ta yi maka laifi?” Ya riƙe mini tsani duk da haka, yana ta ba ni shawarar da ban nema ba. Da reshen ya faɗi, tsakar gida ta yi wani irin fili, kamar an cire wa gidan hula. Uwar yara ta fito ta duba sama, ta dube ni, ta koma ta kawo mini ruwa a kofin baƙi.

Auta ta dawo ta tsaya tana kallon wurin. “Ashe haka saman gidanmu yake,” in ji ta.

Alhamis, 20 ga Maris

Kore sittin da ɗaya. Ba na yarda da fitilu, amma na ƙirga.

Asabar, 22 ga Maris

Iyaye a bayan gilashi aka ajiye mu, kamar kifi. Ranar zaɓe ce. Auta ta ɓarar da jifa uku na farko, duk a miƙe, tsohon hannu ya dawo. Wata doguwa ta doke na huɗu har bango. Sai ta tsaya, ta kalli rufin nan mai nisa, ta sauke numfashi. Na biyar ya tashi, ya yi ta tashi, na rantse ya ɗan huta a sama kafin ya tuna da raga. Wani dattijo a bayan gilashi ya yi ihu, “Ɗaga, Auta, ɗaga!” Ana bincike a kan ko wane ne.

Suna goma sha biyu aka liƙa a bango. Nata ne na goma sha ɗaya. Daga Litinin kullum tana cibiya, safe da yamma. Ta rungume Koci, sannan ta zo ta miƙo mini jakarta in riƙe. Wannan ma muƙami ne.

Lahadi, 23 ga Maris

Gida shiru. Da la'asar, ba kowa, na ɗauki tsohuwar ƙwallon domin binciken kimiyya kawai. Na lanƙwasa gwiwa yadda Koci take nunawa, na ɗaga. Ta tashi da kyau ƙwarai. Ta wuce zobe, ta wuce katanga, ta sauka a bahon wankin matar kafinta. Na ji abin da ta ce, ba zai shiga kundi ba.

Saboda haka kotu ta zauna, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma. An same ni da laifin jifa ba lasisi da jiƙa baiwar Allah. Tara: shayi ba sukari, kwana uku. Mai laifi ya ɗaukaka ƙara, bisa hujjar cewa jifan ya yi bakan gizo. An rage zuwa kwana biyu.