Ɗingishin Alƙasim

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024

Na faɗa ramin laka. Ba wanda ya tura ni.

Da hantsi na zaga bayan rumbu ina koyon tahiyar Alƙasim mai shagon hatsi: ciki gaba, haɓa sama, ƙafar hagu ana janta awa akuyar da ta ƙi kasuwa. Na samu tahiyar sarai. Na ɗaga haɓa yadda shike yi in zai amsa gaisuwar talaka, na yi gyaran muryar nan tashi, "Ehem, ni dai a nawa gani," sai ƙasa ta ƙare. Ramin da ni na haƙa bara don yaɓen ɗaki, na ce gobe zan cike.

Idon sawu ya kumbura awa kabewa. Na hagu kuma, don a cika mini wulaƙanci. Shaidu biyu, jakina da ɗiyata Nafisa. Jakin ya hi ta kara. Ita cewa ta yi ko a kira mini mai tahiyar ya gwada mini yadda ake yi ba a faɗi ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Bari in rubuta dalili, don na san halina, da an miƙo mini shayi sai in manta wanda ya mare ni.

Da rani Fahad, ɗan Alƙasim da ke Abijan, ya aiko neman Nafisa. Yaro na so, yarinya na so, har mun fara tambayar kuɗin goro. Sai uban ya tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a, gaban kowa, ya ce shi ba shi haɗa zuri'a da mutumin da sana'arshi ba mutane dariya, jikokinshi ba za su gaji biri ba. Ina nan tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Na yi dariya, don ban san abin da ake yi da huska ba in ba ita ba.

Nafisa ba ta yi kuka gabana ba. Miya dai ta yi wata guda ba gishiri. Tun rasuwar uwarta ban ga ta yi shiru irin wannan ba.

To, biri zai yi aikinshi. Ranar kokowar kaka, kahin samari su watse ci-rani, zan shiga hili in yi tahiyar Alƙasim gaban garinmu da baƙin Deule, maƙwabtanmu. Daga ranar duk inda ya bi yara za su bi shi da "ehem". Malaminmu na boko, Mushe Abdallah, ya kore ni lakwal daga aji huɗu don na kwaikwayi muryarshi. Sertifikata ke nan, kuma ban taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

An ɗauke ni bayan moto zuwa fada, majalisarmu ta shan shayi, da la'asar. Hira ta faɗa kan waɗanda daminar bana ta tahi da su, sai anka ce in yi su.

Na fara da Ɗangana mahauci, wanda masassara ta kayar cikin kwana kaɗan. Shi ne mai kiran ƙudaje surukai. "Surukai, ku ci ku rage ma masu kuɗi." In gwauruwa ta zo ba ta da ko dala, sai ya naɗe mata tumbi ya ce ta taimake shi, in ya kwana wari zai yi. Tumbin da anka yanka da sahe.

Sai Furera mai ƙuli-ƙuli, wadda ruwan ƙorama ya ci tana dawowa daga gona. Dariyarta awa ƙyauren da bai ga mai ba. Tana budurwa ta ɗauki dutse wajen Keita a aikin tare ruwa, ta ce tun lokacin kanta ya baje, shi ya sa tire ba ya faɗo mata.

Sai Malam Nuhu ladan. Kiran sallarshi kullum sai ya karye tsakiya ya yi tari, garin nan tarin ke tashe shi ba kiran ba. Yanzu lasifika ke kira, tsaf ba tari, rabin gari na makara.

Anka yi dariya har shayi ya zube. Ƙanen Ɗangana ya juya baya shina gyara rawanin da bai kwance ba. Babu mai hotonsu na kirki a garin nan. In ana son ganinsu, ni ake kira.

Alƙasim ya bi ta gabanmu, bai yi sallama ba. Ya ce ma iska, wasa da matattu ma ya zama sana'a. Na ƙara wannan cikin tukunya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Alƙasim ya rasu. Ya tsere mini.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gona ya faɗi ana ɗaurin dame. Kahin amalanke ta kai shi likita Deule rai ya yi halinshi. Anka kai shi jiya bayan la'asar.

Na tahi, don ba a gaba da makara. Ban ɗauki sanda ba, kar a ce ina neman tausayi. Muna cikin tahiya na ga ana kallona ta wutsiyar ido, wani ya ja tsaki. Sai na duba kaina: ina bayan gawar mutum, ina jan ƙafar hagu, daidai yadda shike janta tun da ya faɗo daga kamiyo, babbar motar kaya, a Abijan.

Bakin kushewa ƙanenshi Sha'aibu ya riƙe mini riga. "Ko nan ma, Surajo? Ko nan?" Na ɗage wando na gwada mishi kumburi. Ya ce wanda ya iya muryar matattu, kumburi ba zai gagare shi ba. Liman ya yi nasiha kan masu izgili, bai kira suna ba, amma bai kalli kowa ba sai ni.

Wata da watanni ina dafa ramuwa, mutumin ya miƙe ƙafa ya bar ni da laihin da ban ko ɗanɗani daɗinshi ba. Shina da rai ya kunyata ni ƙofar masallaci, ya mutu ya kunyata ni maƙabarta. Allah ya jiƙan musulmi. Na dai faɗi haka, jimla.

Talata, 15 ga Oktoba

Fada an amsa mini sallama da hanci. Tunda an ci ni tarar akuyar da ban sata ba, sai in ci naman. Ranar kokowa zan yi shi, da ciki da haɓa da ehem. Shi ba shi ji, amma Sha'aibu na da kunne.

Nafisa tun asuba tana gidan makoki tana daka musu hura. Ɗiyar biri.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Da sahe na bi ta bakin darnin Inna Hindatu zan tahi ganin wake. Uwar Alƙasim ce, ta tsufa ƙwarai, idanu sun daɗe da tahiya. Shi ne ɗanta na fari, don haka tunda nike ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. Mai shago take cewa, ko wancan.

Ina cikin jan ƙafata cikin yashi sai na ji daga bayan darni, a hankali, "Alƙasim?"

Na tsaya awa an kafa ni. Can ta ce, "A'a. Yi haƙuri, bawan Allah, wuce abinka."

Na yi ƙoƙarin wucewa ba ja. Ƙafar ta ƙi.

Ban ga waken ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Shekarar kwalara, da Nasiba uwar Nafisa ta cika, matan unguwa sunka tsaya nesa da gyale a hanci. Inna Hindatu ce ta shigo da ƙwarya da sabulu, lokacin tana gani dishi-dishi. Ita ta wanke ta, ita ta suturta ta. Kowa ya san wannan, ba wani asiri ba ne. Ni dai na iya ajiye shi gehe in ina hushi da ɗanta. Yau ya ƙi zama gehen.

Asabar, 19 ga Oktoba

Inna Hindatu ta aiko Nafisa ta kira ni. Na ce ƙafa. Nafisa ta ce ƙafar da ta kai ni maƙabarta za ta kai ni nan.

Na durƙusa bakin ɗaki na yi mata gaisuwar rashi. Ta amsa, ta tambayi jakina, ta tambayi gero. Sannan ta ce an faɗa mata ina da Ɗangana da Furera da ladan cikin bakina. "Nawa fa?"

Na ce Inna, wannan ba ni da shi.

"Ƙarya kake, ɗan nan. Tun rani kake koyonshi bayan rumbu. Makauniya ce ni, ba kurma ba."

Ta ce ta san abin da ya faɗa ƙofar masallaci, ta kuma faɗa mishi bai kyauta ba, bai janye ba, halin ubanshi ne. Ba ehem ɗin kasuwa take so ba, wannan ko shina da rai ba ta son shi. Gaisuwar da shike yi mata kowace sahiya take so ta ji sau ɗaya. Ranar da ya faɗi ya yi sammakon gona, tana barci, bai tashe ta ba.

Da zan tashi ta ce, "Ba don na wanke matarka nike roƙonka ba. Wancan na Allah ne."

Da ta ce don shi ne, da ya hi mini sauƙi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na gwada. Duk inda na taɓa, ehem ke hitowa. Ashe mutumin nan shina da wata murya da ya ɓoye cikin gida, bai taɓa hito da ita kasuwa ba. Ko a nan ya tauye mini mudu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Fahad ya iso daga Abijan. Ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya rame. Na yi mishi ta'aziyya yadda ake yi. Ba mu taɓo wata magana ba. Nafisa ta share tsakar gida da ba ta da datti har ya tahi.

Haɓar uban gare shi, amma bai iya ɗaga ta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kokowa. Hili ya cika, baƙin Deule sun zo da makaɗinsu. Tsakanin karo da karo samari sunka fara kirana. Waɗanda sunka ja mini tsaki a jana'iza, yau su ke cewa Surajo yi muna mai shago. An tuna tsadar mudunshi lokacin da rumbuna sunka ƙare. Sha'aibu na can nesa bisa motonshi, bai kashe inji ba.

Na shiga tsakiya. Makaɗi ya sassauta. Na turo ciki, na ɗaga haɓa, na ji dariya ta fara tasowa awa ruwan ƙorama. Ranar da nike jira ke nan tun ina riƙe da takalmi ɗaya. Na buɗe baki.

Tarin Malam Nuhu ya hito. Na bi shi da dariyar Furera, na kore ƙudajen Ɗangana, anka yi shewa, na koma na zauna.

Ƙafa ce. Ba a yin Alƙasim da ƙafa mai ciwo, sai a ce ba gwaninta ba ce. Kuma iska na kaɗawa wajen unguwarsu, sauti na tahiya. Ba don kowa ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Na sauke girman kai na tambayi Nafisa, tunda ta sha kai ma tsohuwar hura da sahe. Ta ce tsugunnawa shike yi bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar nan gehe, ya taɓa ƙwaryarta ya ji ko ta sha. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Inna, an kwana? Ga ɗanki."

Ta sa na maimaita. Ta ce a'a. Na sake. Ta ce muryar ta yi, amma awa mai bin bashi. "Baba, cire hushin."

Na ce in na cire hushin, mi ya rage mini na Alƙasim?

Ta ce shi ke nan abin da tsohuwa ke nema.

Yarinyar nan bakin uwarta gare ta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ƙafa ta warke sarai, jiya har na bi jaki da gudu. Bakin darnin Inna Hindatu kaɗai take ja. Yashin wurin ne, ya yi yawa. Kowace sahiya kuma hanyar gonata ta nan ta hi kusa, ko da Nafisa na cewa zagaye ne. Tsohuwar ba ta ƙara kiran suna ba. Nikan dai ji taɓaryar jikarta ta tsaya har in wuce.

Ban yahe ba, a rubuta. Maganar ƙofar masallaci tana nan inda ya bar ta, kuma bai dawo ya ɗauka ba.

Amma jiya na ji tsohuwar tana tari, irin na Malam Nuhu gab da tahiyarshi. Mai irin wannan tari ba a ce mishi sai na gwanance. Gaisuwa ɗaya take bina, har yanzu ba ta hito daidai ba.

Na cike ramin. Gobe da hantsi, bayan rumbu, a tsugunne.