Takardar Asibiti a Jakar Tegan

Litinin, 5 ga Mayu

Na gama saƙa bargon jariri da rigunan sanyi biyu. Cikin Tegan ya shiga wata takwas, kuma sanyin Hobart, garin da take zaune, ba ya wasa. 'Yata ɗaya tilo, ga ɓari biyu a baya. Na sayo jakar leda a gidan waya, irin wadda ake biyan kuɗin aikawa tun wurin saye. Na cusa kayan, na liƙe bakin da gam ɗinta. Gobe in kai.

Talata, 6 ga Mayu

Takardar asibiti ta ɓata. Har kwandon shara na zazzage a tsakar kicin. Can na tuna, ranar Juma'a da maƙwabciyata ta faɗo min ba zato, cikin ninkin bargon na tura takardar.

Na latsa jakar, na ji kusurwar ambulan. Tana ciki. Sunana, ƙarin da aka gano a nonona na hagu, ranar tiyata, 22 ga wata, duk a rubuce.

Da na kai ta da safen nan fa? Na zauna a ƙasa.

Ba wanda ya sani. Ba kuma wanda zai sani sai Tegan ta sauka lafiya.

Laraba, 7 ga Mayu

Na gwada ɓare bakin da farce, ledar ta fara miƙewa kamar za ta yage. Na bari. Shekara sittin da ɗaya, wai ina tsoron leda. Ba ledar ba ce. In na buɗe, sai na sake ganin takardar.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na je gidan waya hannu rabbana. Desley ce ke bakin kanta, wadda muka yi firamare tare. Na ce, in mutum ya liƙe jaka da abin da bai kamata ba a ciki fa?

"Me kika rufe a ciki, Glenys, haƙoranki na roba?" Ta ce in yanka ta gefe, kar in taɓa lambar da ke jikin jakar, in liƙe da salatif mai faɗi, kullum ana kawo musu irin haka. Sannan ta dube ni ta saman tabarau. "Kin rame." Na ce abinci nake ragewa. Ta ce, "Tun muna aji uku ba ki iya ƙarya ba."

Da yamma Tegan ta kira. "Mama, muryarki fa?" Na ce mura. Ta ce, "Ke dai da ɓoye-ɓoye. Ciwon Baba ma sai da aka kwantar da shi kika gaya min. Har yau ban huce ba."

Da dariya ta faɗa. Ni na san dariyar 'yata, ba wannan ba ce.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na yanka. Kaɗan ya rage almakashi ya ci bargon. Na zaro takardar, na liƙe jakar, aikin da bai kai minti biyu ba.

Yau ne na fara karanta ta har ƙarshe. A ƙasa an rubuta in zo da wanda zai mayar da ni gida. Wa?

In Tegan ta ji, firgici ya tayar mata da naƙuda fa? In kuma ban farka daga allurar barci ba, ta ji a bakin baƙo?

Asabar, 10 ga Mayu

Ban fita ba. Shayi kawai.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kai jakar. Desley ta shafa salatif ɗin, ta ce ko ita ba za ta fi haka ba. Na juya zan tafi, sai na ji bakina yana tambayarta ko tana da aiki ranar 22. Ba ta tambayi dalili ba. Ta cire tabarau, ta ce, "Ƙarfe nawa zan zo?"

Tegan kan farka daga barcin rana wajen ƙarfe huɗu. Yanzu uku da rabi. Na ajiye takardar kusa da waya.

Don kar ta sake ɓata ne kawai.