Ba Zan Dawo Bana Ba

Grenoble, Faransa
Maris 1994

Yaya Idirisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Fadila da yara. Yaya ƙafar Inna? Ta fara zuwa garin Tsibiri da kanta kuwa?

Ni lafiya lau nake, kada ku damu. Aiki na tafiya. Muna harba wasu ƙananan ƙwayoyi, nutiron, cikin jiƙaƙƙen ƙaro don mu ga yadda cikinsa yake. Ƙaron daga ƙasarmu ya zo. Ranar da na kwance ƙullin, sai da na fita waje na share hawaye.

Ga maganar da nake ta jinkirin faɗa: ba zan dawo bana ba. An rubuto mini daga Yamai cewa yajin aiki ya tsayar da karatu a jami'a, ba a ɗaukar sababbin malamai. Shugaban labo, ɗakin bincikenmu, ya ce in ƙara shekara biyu, na amsa. Kai za ka gaya wa Inna, ni na kasa.

Nan ba ni da abokin yin Hausa. Sai in wuni ban ji an kira sunana daidai ba.

Don Allah ka ɗauko mini muryar Inna a kaset. Ko faɗa ta kama yi mini, kada ka kashe rikoda.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Tahira