Ranar Haihuwar da Kwamfuta Ta Ƙi

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ofishin unguwa sun manna takarda: daga bana ba layi, ba fom na hannu. Mai son fili a lambun bakin kogi ya nema ta intanet ran 18 ga wata, ƙarfe goma na safe, wanda ya riga ya samu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da fili na 17 saboda nakan kafa kujerata a ƙofar ofis kafin kowa. Yanzu an mayar da abin tseren yatsu, ni kuwa hannuna rawa yake. Albasar da matata Sun-rye ta dasa kafin ta rasu tana nan ƙarƙashin ciyawa, duk shekara takan toho in sanyi ya wuce. In baƙo ya sami filin nan, rana ɗaya zai kafce ta.

Pyo Man-bok mai fili na 18 ya same ni gaban takardar. "Du-sik ƙanena, in karanta maka ne?" Aji biyu na yi a makaranta, shi shida, shekara talatin bai bar ni na manta ba. Kuma ni ba ƙanensa ba ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hye-ran ta zo da miyar wake da tsohuwar kwamfutarta. Aikin 'yar tawa ke nan, tana rubuta wa kwamfuta umarni ta riƙa danna shafuka da kanta. Ta ce abu biyu za ta haɗa mini. Na farko rubutun umarni, shi zai buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, ya kai ta shafin ofis. Na biyu wani ƙari da ake maƙala wa burauzar, shi zai cike fom da sunana da ranar haihuwata da lambar fili. Na ce ai wannan injin huda ƙarfe ne da bakinsa, injin yana juyawa, baki yana ci. Shekara arba'in na yi a kansa. Ta ce, "Baba, ka fi manajana saurin ganewa."

Na danna sau ɗaya. Taga ta buɗe da kanta, sunana ya rubuta kansa, Bang Du-sik, ba kuskure ko ɗaya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Sau tara na sa shi ya maimaita.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Sau goma sha huɗu yau. Miya ta ƙone.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na ga jakar da ƙarin yake ciki a yashe a fuskar kwamfuta, na ja ta na adana a wani wuri, don ban saba barin kayan aiki a ƙasa ba. Da na danna, burauza ta buɗe, fom ya zauna fayau yana kallona. Na kira Hye-ran. Ta ce rubutun kullum sabuwar burauza yake buɗewa, tsirara, sai ya je inda aka gaya masa ya ɗauko ƙarin ya ɗaura mata. Na canza wurin, ya je bai tarar ba. Ta nuna mini layin da adireshin jakar yake, na gyara da yatsa ɗaya. Ya tashi.

Ni na gyara. A rubuta wannan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Tunda na san hanya, na leƙa saitin ƙarin. Hye-ran ta sa 1950. Ƙarya ce. A 1948 aka haife ni, wata na tara a lissafin wata, ana girbin shinkafa. Zamaninmu ba a kai sunan jariri ofis sai an ga zai rayu, ni kuwa sai da na shekara biyu babana ya yarda da ni. Takardar Man-bok ta ce 1949, da ita yake kiran sunana gatsau a gaban mutane, yana miƙo kofi in zuba masa da hannu biyu kamar yayana. Ban taɓa zubawa ba.

Na goge, na sa 1948. Na ci abinci da daɗi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ofis sun buɗe shafin tantance suna. Muka gwada, jan rubutu ya fito: bayanai ba su dace ba. Hye-ran ta kusa awa tana tonon rubutunta, ta cire ƙarin ta mayar, ta zargi kanta, ni ina ɓare lemo. Da ta buɗe saitin sai ta juyo ta kalle ni.

"Baba."

Na ce gaskiya na rubuta. Ta ce shafin ba gaskiya yake nema ba, katin shaida yake dubawa. Na ce to ya je ya tambayi uwata. Ta ce, "Ranar Talata sai ka zaɓa, shekara biyunka ko albasar Mama." Ta ɗauki jakarta ta tafi. Taurin kan nan ban san inda ta gado shi ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ban taɓa kwamfuta ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na je lambu da safe. Na ɗaga ciyawa, ga kawuna kore guda uku, ƙanana kamar bakin allura, a cikin wannan sanyin. Na mayar da ciyawar a hankali.

Man-bok yana tsugune a nasa filin ba ya komai. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗansa da ke birnin Busan ba ya ɗaukar waya. Bai ce ƙanena ba yau. Cewa ya yi, "An ce kana da inji." Na ce ina da shi. Na tuna kabewarsa da ke tsallako mini iyaka duk shekara. Sai kuma na tuna baƙo zai iya zuwa da abin da ya fi kabewa.

Ya biyo ni gida. Na mayar da 1950 da hannuna, shafin ya karɓa. Hye-ran ta ce mini ta waya in kwafi jakar ƙarin, in ba ta wani suna, in nuna wa rubutu na biyu inda take, kada saitinmu ya cakuɗe. Na tambaye shi shekara. Ya ce, "Sa 1949, ta takarda. Ta gaskiya 1947 ce, ni ma ba a kai sunana ofis da wuri ba, ciwo na yi ta yi ina jariri."

Na ce ƙarya yake. A wurinmu kowace shekara da dabbarta, ya faɗi tasa, alade, ba ko tunani. Tawa ɓera. Shekarar alade ce a gaban ta ɓera.

Talata, 18 ga Fabrairu

Goma daidai na danna. Taga biyu suka buɗe, tawa a gaba, haka na tsara. Kafin Man-bok ya gama goge tabarau an gama. 17 nawa, 18 nasa! Ya riƙa buga mini kafaɗa yana cewa injin ya fi duk ma'aikatan ofis hankali. Hye-ran ta kira daga wurin aiki, ta ce tunda na iya, baɗi ni zan yi wa duk tsofaffin lambun. Na ce sai wanda na ga dama. Na riga na rubuta sunaye biyar.

Asabar, 29 ga Maris

An buɗe lambu. Albasa ta kai tsawon yatsa. Na yanka kaɗan, Hye-ran ta yi mana waina da ita, muka ci a bakin iyaka. Na kafa wa kabewarsa sanda tun kafin ya shuka, ya san na gani. Har yanzu ban ga shaidar 1947 ɗin nan ba, baki kowa yana da shi.

Ya miƙo kofi, na zuba masa shayin sha'ir. Butar ce da nauyi, hannuna kuma yana rawa, shi ya sa na riƙe ta da hannu biyu.