Ɗana yana so in buga hatimi a kan haɗarin da bai yi ba

Malama Shizue, don Allah ki taimake ni. Ni ban yi makaranta ba, aji biyu na yi aka cire ni in goyi ƙanne, sunana kaɗai na iya rubutawa, shi ma a karkace. Maƙwabciyata ce ke rubuta min wannan, in hannunta ya gaji surukarta ta karɓa. Na ce su canza sunayen kowa. Su ke karanta min filinki na jarida duk Lahadi, shi ya sa na ce bari in gwada ke.

Shekarata tamanin da shida. 'Ya'ya biyu na haifa, duk maza. Ƙaramin, Michio, ya faɗi da babur yana ɗan sha tara a kwanar da ke ƙasan gidana, inda titi ke gangarowa daga dutse. Ƙarfe huɗu na yamma ne, ina wanke shinkafa na ji ƙarar. Shekara talatin da bakwai ke nan. Ni da marigayi babansu muka kafa masa Jizo a wurin, ɗan mutum-mutumin dutse, yana kallon titi don ya tsare masu wucewa. Duk kaka sai na ɗinka masa sabuwar jar hula da ƙyallen wuya, ban taɓa fashi ba, har shekarar da aka yi min aikin ido.

Babban, Katsumasa, yana da hamsin da takwas, a birni yake aiki. Da matarsa ta tafi sai ya sayo wata mota ruwan ɗorawa, kujera biyu, gajera kamar kwaɗon da aka taka. Sai ka durƙusa za ka shiga. Na ce masa kai da furfura har a gira, me za ka yi da wannan? Ya ce Inna, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba, bar ni. Duk wata yana kai ta filin tseren motoci, ya biya kuɗi, ya sa hular kwano, su yi ta zagaye da 'yan'uwansa tsofaffin banza. Ya ce can babu mai tafiya a ƙasa, babu mota mai zuwa ta gaba. Ni dai ranar da ya tafi ba na iya zama.

To ranar Lahadin waccan ya daki bango a filin. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, gaban motar ne ya lotse. Ashe inshorar da ya yi shekara shida yana biya, da zarar taya ta shiga ƙofar filin tsere ba ruwansu. Ya ce yana nan a rubuce cikin ƙananan haruffa. Kuma bai gama biyan motar ba.

Litinin da sassafe, hazo bai gama tashi ba, ina baranda ina rataye kanya ta bushe, sai ga janwe ta hawo da motar a bayanta, shi da wani abokinsa mai suna Gonda. Suka sauke ta can sama da gidana. Na ce me ke nan? Ya ce Inna shiga ciki akwai sanyi. Ban shiga ba. Suka juya ta ta kalli gangara, suka tura, suka saki. Ta taho ita kaɗai, ba ƙarar inji, sai tayoyi a kan jiƙaƙƙen ganye. Ta wuce ta gabana, ta je ta daki ƙarfen gefen titi daidai kwanar. Ƙarfen ya lanƙwashe ya bugi Jizo. Daga nan ya kira 'yan sanda ya ce barewa ce ta gifta masa.

Da na tambaye shi, duk faɗin ƙasar nan ka rasa inda za ka yi wannan sai wurin ƙanenka? Ya ce ai kowa ya san ana haɗari a nan, ba wanda zai yi shakka. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Malama, yaron nan shekara talatin da bakwai in zai zo gidana ta bayan gari yake zagayowa, tafiyar minti ashirin, don kada ya bi ta kwanar.

Yanzu ga abin da, ban da Katsumasa, ban gaya wa kowa ba sai yau. Lokacin da motar ta wuce ta gabana, babu kowa a wurin direba, da idona na gani. Amma akwai mutum a kujerar mai zaman banza. Kai na gani da kafaɗa, siriri, yana zaune a miƙe yana kallon gaba. Na ce wa Katsumasa, ya yi dariya ya ce hular kwanonsa ce ya ɗora a kan kujera, idona ne ya tsufa. To hular tana hannunsa a lokacin, na gan shi riƙe da ita yana tura motar da hannu ɗaya.

Da muka isa wurin, motar a mace take amma wata 'yar ƙararrawa tana ta ƙara a ciki, tin, tin, tin. Gonda ya ce wannan ita ke ƙara in mutum ya zauna bai ɗaura bel ba. Ya leƙa, ya ce ta gefen mai zaman banza ce. Katsumasa ya ce waya ce ta haɗe.

An jawo motar an sa a rumfar da babansu ke ajiye kayan noma, an rufe da tamfol, wai sai mai binciken kamfani ya zo ya gani. Tun ranar, wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai in ji ƙararrawar. Ba ta daɗewa, kamar gwargwadon ka sha shayi kofi ɗaya. Na kira shi a waya, ya ce Inna na cire batir da hannuna, kunnenki ne. Mai rubuta min ta ce in faɗa miki ita ma ta ji sau ɗaya, amma ta ce ƙila tsuntsu ne, kuma tun ranar ba ta yarda huɗu ta yi mata a gidana.

Sai kuma Jizo. Bai faɗi ba, amma ya juya. Da titi yake kallo, yanzu gidana yake kallo, daidai barandar. Na dafa sanda na gangara, na rungume shi na juyar da shi, ƙuguna har yau ciwo yake. Bayan kwana biyu na fito shanya, ya sake juyowa. Sau uku ke nan. Na daina buɗe tagar wannan gefen.

Jiya ya kawo min takarda. Ya ce ba komai ba ne, in buga hatimina a ƙasa kawai a madadin sa hannu. Na ce sai na nemo tabarau, kamar da ma ina karatu. Da ya tafi na kai wa maƙwabciyata ta karanta min. An rubuta wai ni na shaida, ina baranda na ga ɗana ya taho a hankali, shi kaɗai a motar, barewa ta fito, ya kauce ya daki ƙarfe. Shi kaɗai, Malama. Ni ta yaya zan sa hatimi a kan wannan? Shi ba ya ciki, kuma motar ba wofi take ba.

Da ya dawo na ce masa ina tsoro, sai ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi min ba. Ya ce ya riga ya gaya wa 'yan sanda, in ban buga ba gidan yari za shi, sai in nemi mai kai ni asibiti. Daga baya ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hannu, ya ce Inna ki yi min wannan kaɗai. Shi kaɗai ya rage min. Ban taɓa yi wa hukuma ƙarya ba, ban kuma taɓa hana shi abin da ya roƙa ba.

Ranar Alhamis mai binciken zai zo. Hatimin yana cikin buhun shinkafa, can ƙasa. Ki gaya min, in buga? In na buga, wanda ke zaune a motar zai tafi, ko gidan zai shigo? In na ƙi, na rasa na biyun ke nan?

Tsohuwar Bakin Kwana

*

Iya, sannu da ɗawainiya. Da na karanta wasiƙarki na buga wa maƙwabciyarki waya don amsar ta riga Alhamis isa gare ki, wannan ta jarida ta biyo baya ne.

Kada ki buga hatimin. Ki kuma ciro shi daga buhun shinkafa ki ɗaura a jikinki, ɗan da ya tashi a gida ya san inda uwarsa ke ɓoye abu.

Ɗanki yana ganin hatiminki zai cece shi. Ba zai cece shi ba, ke zai jawo ciki. Masu binciken nan sun saba da wannan dabarar, ba shi ya fara ta ba. Bangon filin tsere da ƙarfen gefen titi ba iri ɗaya suke barin tabo ba. Motocin zamani suna ajiye bayanin gudunsu a lokacin da suka yi karo. Filin yana da sunayen duk wanda ya shiga ranar Lahadi, kuma mutane sun ga an ja motarsa an fitar. Ga Gonda, ga mata biyu da suka rubuta miki wasiƙa. Maganar ta riga ta wuce a ɓoye ta.

Amma bari in faɗi nasa. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, kuma mutane da yawa ba sa sani sai ranar da suka fasa mota. Akwai wadda ake saye daban don irin wannan rana, bai saya ba, ya tashi da mota matacciya da biyan da bai ƙare ba, ya ruɗe. Sannan ki duba wani abu. Mutumin da ƙanensa ya mutu a titin dutse, ya so gudu, ya kai gudunsa wurin da aka kewaye, ya sa hular kwano. Wannan ba halin marar tunani ba ne. Wanda kuma ya yi shekara talatin da bakwai yana zagaye wannan kwanar bai manta wanda ya mutu a wurin ba. Ya yi mummunan abu, amma ban ga mugu a wasiƙarki ba. Mai tsoro na gani, kamar ke.

Kamfanin bai biya ko yen ɗaya ba tukuna, kuma wannan shi ne sa'arsa. Ya ga lauya kafin Laraba, ofishin gari yana da ranar ba da shawara kyauta in kuɗi ne matsala. Ya janye buƙatarsa, ya gyara abin da ya gaya wa 'yan sanda, ya biya ƙarfen titi. Ba zan ce miki zai fita ba tabo ba, lauyan ne zai gaya masa iyakar abin. Amma wanda ya dawo da kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ake kallonsu ba. Ki gaya masa tun yau cewa in mai bincike ya tambaye ki, abin da kika gani za ki faɗa. Zai yi fushi. Fushi yana wucewa, kuma ɗan da ya zauna a ƙofarki ya rufe fuska ba mai barin ki ba ne.

Game da Jizo, ƙarfe ya buge shi, ƙila gindinsa ya tsage, yana kan gangara, manyan motoci na girgiza ƙasa. Kada ki sake taɓa shi da ƙugun nan naki. Wanda ya fasa shi ya kawo siminti ya gyara, ki kira malamin haikalinku ya yi addu'a, a fitar da motar daga rumfar. Ƙararrawa da wanda kika gani a kujera kuwa, ban sani ba, Iya. Ba na wurin, ba zan ce idonki ne ba. Abin da na lura shi ne ba a taɓa ki ba, ba a taɓa ɗanki ba. Kafin komai ya daidaita, ki riƙa shan shayin yamma a gidan maƙwabciyarki.

In ya sake kawo takardar, ba sai kin yi masa maganar doka ba. Kin taɓa tsayawa gaban ɗan sanda sau ɗaya kin ce ɗanki Michio ya yi haɗari a wannan kwanar, kuma gaskiya ce. Ki ce masa ba za ki iya sake faɗa ba, balle da sunansa shi Katsumasa.

Ina yi miki fatan lafiya da kwanciyar rai, ke da Katsumasa.

Shizue Kurahashi